Muhawara: Shin rushe Kingda Ka ya dace, kuma me za a gina a gurbinsa?

Abu Hanif:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Buɗe filin shaƙatawa na Six Flags Qiddiya City da aka yi a Saudiyya ranar 31 ga Disamba, 2025, ya sa na ga ya kamata mu koma kan maganar Kingda Ka, domin har yanzu ba ta kwanta mini a rai ba. Ga waɗanda ba su bi labarin ba, Kingda Ka jirgin lilo ne da kamfanin Intamin ya ƙera wa filin Six Flags Great Adventure da ke garin Jackson a jihar New Jersey ta Amurka, aka buɗe shi a watan Mayun 2005. Hasumiyarsa ta kai tsayin mita 139, yana cilla mutane daga tsaye cik zuwa gudun kilomita 206 a awa cikin daƙiƙa uku da rabi, kuma ya shafe sama da shekara 19 babu wanda ya fi shi tsayi a duniya. Ranar 10 ga Nuwamba, 2024, ya ɗauki mutane na ƙarshe, bayan kwana huɗu kamfanin ya sanar da cewa an sallame shi, ranar 28 ga Fabrairu, 2025, kuma aka sa nakiya aka kifar da hasumiyar.

Ni dai a ganina an yi kuskure. Wannan lilo shi ne abin da ya sa mutumin da bai taɓa taka New Jersey ba ya san sunan filin, kuma an rushe shi tun kafin magajinsa ya tsaya da ƙafafunsa. Kamfanin ya yi alkawarin sabon jirgi mai kafa tarihi a 2026, sai ga shi a tsakiyar 2025 ya dawo ya ce aikin zai wuce wannan lokaci. Ina so in ji ta bakin waɗanda suka fi ni sanin harkar.

Injiniya Bala:
Wa alaikumus salam, Malam Abu Hanif. Na fahimci abin da ke damunka, amma idan muka leƙa ɗakin injin da ke ƙarshen dogon, ina jin za mu yi wa kamfanin uzuri a kan rushewar, ko da ba mu yi masa a kan komai ba. Yawancin jiragen lilo sarƙa ce take jan su a hankali zuwa ƙoli, daga nan nauyinsu ya gangaro da su. Kingda Ka ba haka yake ba. Famfuna ne suke tura man haidirolik cikin wasu manyan tukwanen ƙarfe masu ɗauke da iskar naitirojin, man ya yi ta matse iskar har ƙarfi ya taru, sai a buɗe bawul a lokaci guda, man ya kwararo ya juya tarin injinan da ke kewaye da wata babbar ganga, ita kuma gangar ta naɗe igiyar ƙarfe. Igiyar tana ɗaure da wani dogon ƙarfe da ke gudu a cikin kwararon tsakiyar dogon, shi ne yake kama taragun ta ƙasa ya fizge su, ya sake su kafin su isa gindin hasumiya, sannan ya tsaya cak ya koma baya domin harbi na gaba. Duk wannan ana maimaita shi ne daga safe har dare, kuma kowane harbi yana cin igiyar, yana cin abin da take gogawa a kai, yana gajiyar da bawul da bututu. Saboda zafin gogayya har ruwa ake fesa wa igiyar.

Tarihin wannan tsari bai ɓuya ba. A 2004 igiyar Top Thrill Dragster, lilo mai irin wannan injin a filin Cedar Point na Amurka, ta fara tsinkewa a lokacin harbi, ɓurɓushin ƙarfe ya ji wa wasu fasinjoji rauni. Shi kansa Kingda Ka, makonni kaɗan da buɗe shi a 2005 wani ƙusa ya ɓalle a kwararon igiyar ya yi ɓarnar da ta sa aka rufe shi kusan wata biyu. A 2009 igiyar Xcelerator, lilon da shi ne na farko a wannan zuri'a tun 2002, ta tsinke a filin Knott's Berry Farm na California. Ita ma Intamin ɗin, tun bayan Formula Rossa na Abu Dhabi a 2010 ta juya wa haidirolik baya ta koma ga maganaɗisu. Lamarin ya zama kamar tsohuwar motar da kamfaninta ya daina ƙera irinta: za ka iya ci gaba da hawa, amma kowane gyara ya fi na baya tsada da ɗaukar lokaci. Mai kula da asusun fili yana kallon abin da yake kashewa a kan kowane mutum guda da ya hau, kuma a wannan ma'auni lilon da tafiyarsa ba ta kai rabin minti ba, ga shi yana yawan tsayawa, ba zai taɓa yin kyau a takarda ba.

Maman Nana:
Injiniya, Allah ya ƙara basira, bayaninka ya fito da abin sarai. Ni a New Jersey nake zaune, kuma na hau Kingda Ka a shekarun da yake aiki. Abin da ba ya fita a bidiyo shi ne jiran nan na kafin harbi. Taragun za su gangaro su tsaya a kan miƙaƙƙen dogo, su ɗan koma baya kaɗan har ka ji ƙarar kamawar ƙarfen nan da Injiniya ya ambata a ƙarƙashin kujera, sai faifan birkin da ke jere a gabanka su nutse ƙasa, daga nan ka san babu sauran magana. Iska tana danne fuska ta yadda ko ihu ba ya fita daidai, kafin ka ankara kana kallon sama tsaye, sai ka tsinci kanka a ƙoli na ɗan lokaci kana hango dajin da ke kewaye da filin da motoci ƙanana a wurin ajiye su, sannan a murɗo da kai ƙasa. Wani lokaci harbin ba ya kai taragun su haye ƙolin, sai su dawo da baya birki ya tare su, kuma masoya lilon suna ɗaukar wannan a matsayin sa'a, domin za a sake harba su.

Ban musanta maganar tsadar gyara ba. Inda nake ganin an gaza shi ne yadda aka rufe shi. Makonni kafin ranar jita-jita ta cika intanet, mutane suka yi ta tururuwa daga jihohi masu nisa a ƙarshen makon da aka rufe shi bisa zato kawai, kamfanin bai ce uffan ba sai da aka kulle ƙofa. A sanarwar da ya fitar ya ce lilon ya ɗauki mutane sama da sau miliyan 12. To abin da ya yi irin wannan hidima ai ya cancanci a ce wa jama'a ga kakarsa ta ƙarshe, kowa ya zo ya yi sallama. Kuma ba shi kaɗai aka ɗauke ba. Zumanjaro, lilon faɗowa da aka manna a jikin hasumiyar a 2014, ya tafi tare da ita, haka Green Lantern, da Twister, da lilon laima, da motocin igiya na Skyway da ke ratsa filin ta sama, waɗanda iyalai da tsofaffi suka fi amfana da su.

Autan Zaure:
Yayyena, ina da tambaya. Tunda matsalar a injin harbin take, me ya hana a cire shi a sa na maganaɗisu a bar hasumiyar, kamar yadda aka yi wa ɗan'uwansa a Cedar Point?

Malam Tanko:
Auta, tambayarka ita ce wadda masoya da yawa suka yi ta yi, kuma amsarta tana cikin abin da ya faru a Cedar Point ɗin. Top Thrill Dragster yana garin Sandusky na jihar Ohio a bakin tafkin Erie, an buɗe shi a 2003 da tsayin mita 128 da gudun kilomita 193 a awa, shi ne Kingda Ka ya ƙwace wa kambu bayan shekara biyu. Ranar 15 ga Agusta, 2021, wani ƙarfe ya ɓalle daga jikin tarago ya bugi wata mata da ke tsaye a layi, ta ji mummunan rauni a ka, kuma daga ranar bai sake aiki a tsohuwar siffarsa ba. A watan Agustan 2023 aka sanar da cewa kamfanin Zamperla na Italiya zai sake fasalinsa da sunan Top Thrill 2. An cire haidirolik, an jera maganaɗisu a kan dogon, an gina sabuwar hasumiya miƙaƙƙiya a baya mai tsayi daidai da ta gaba, aka mayar da harbi ɗaya zuwa uku: na farko gaba da gudun kilomita 119, na biyu da baya da gudun 163, na uku gaba da gudun 193 wanda ke haye ƙolin.

An buɗe shi a farkon Mayun 2024, bai fi mako guda yana aiki ba aka rufe domin a gyara wani abu a jikin sababbin taragun, kuma haka ya zauna a rufe har kakar ta ƙare. Ku lura da lokacin. Ranar 1 ga Yuli, 2024, Cedar Fair mai Cedar Point ta haɗe da Six Flags suka zama kamfani ɗaya, kuma Richard Zimmerman na ɓangaren Cedar Fair ne ya zama shugaban gudanarwa. Wato mutanen da suka yanke hukunci a kan Kingda Ka a kakar 2024 su ne waɗanda suke kallon Top Thrill 2 a tsaye babu motsi bayan kuɗin da suka zuba. Ban ga yadda za a yi su amince su sake shiga irin wannan aiki a kan hasumiyar da ta fi waccan tsayi ba.

Abu Hanif:
Malam Tanko, wannan hujja tana da ƙarfi, amma ka bar rabin labarin. Top Thrill 2 ya dawo aiki a watan Mayun 2025, mutane suna hawa, da yawa ma suna cewa harbin baya ɗin nan ya ƙara masa armashi. Abin da ya ba da matsala taragu ne, ba tunanin sauya injin ba, kuma Zamperla kamfani ne da aka fi sani da ƙananan liluna, wannan ne karonsa na farko a aiki mai girman haka. Da an yi haƙuri an rufe Kingda Ka na shekara ɗaya ko biyu an ga yadda ta Ohio za ta kaya, ko kuma an kira Intamin da ta ƙera shi tun farko, da yau hasumiyar tana tsaye. Abin da aka rufe ana iya buɗe shi, amma wanda aka sa wa nakiya ya tafi ke nan.

Injiniya Bala:
Gaskiya ne, kuma ban ce ba zai yiwu ba ta fuskar aikin injiniya. Sai dai a san abin da za a samu. A tsarin maganaɗisu babu abin da ke taɓa wani: akwai faifai masu naɗin waya a jere a kan dogon, akwai maganaɗisu a ƙarƙashin taragun, kwamfuta tana sakar wa faifan lantarki ɗaya bayan ɗaya suna ja suna turawa. Shi ya sa ba ya cin kayan gyara. Amma ƙarfinsa a kan kowace mita bai kai na igiya ba, don haka ko dai a tsawaita dogon, ko a yi ta kai da komo kamar na Ohio. Red Force da ke Ferrari Land a Sifaniya, wanda Intamin ta gina a 2017, yana haye mita 112 da harbi ɗaya na maganaɗisu a gudun kilomita 180. Daga 180 zuwa 206 kamar tazara ce kaɗan a ido, amma ƙarfin da ake bukata yana hawa ne da ninkin gudu a kan kansa, wato kusan kashi ɗaya cikin uku ne za a ƙara. Kuma fizgar nan da Maman Nana ta siffanta, wadda ita ce ran Kingda Ka, ba za ta dawo ba. Za a kashe kuɗin sabon lilo ne a samu tsohuwar hasumiya da sanyin harbi.

Sannan mu dubi aljihun kamfanin. Ya fito daga haɗewar nan da filaye sama da arba'in da bashi mai nauyi, kuma wanda ya rufe fili sukutum, kamar yadda ya yi wa Six Flags America na jihar Maryland ranar 2 ga Nuwamba, 2025, ba zai ji nauyin sauke lilo ɗaya ba. Superman na Magic Mountain a California ma, mai tsayin mita 126, an tabbatar da rufe shi a watan Maris na 2025.

Ɗan Riyad:
Jama'a, ku ba ni dama in shigo ta ɓangaren kambu, tunda Malam Abu Hanif da Qiddiya ya buɗe maganar. Ko da an bar Kingda Ka a tsaye, kwanakinsa na zama na ɗaya sun riga sun ƙare. Gudu dai tun 2010 Formula Rossa ya karɓe da kilomita 240 a awa. Falcons Flight na filin Qiddiya kuma, wanda shi ma Intamin ce ta gina shi, ya zo da kilomita 250, ga dogo mai tsawon sama da kilomita huɗu, alhali Steel Dragon 2000 na Japan da ya daɗe yana riƙe da wannan matsayi mita 2,479 ne. Wanda ya tsaya a gindin dutsen Tuwaiq zai ga yadda dogon ya haura har saman dutsen, ya bi gefensa, sannan ya zubo ta bakin gaɓar ya shige rami a ƙasa, inda maganaɗisu ke ƙara masa gudu kafin ya haye wani ƙaton tudun ƙarfe. An sa wa taragun gilashin tare iska a gaba saboda gudu da yashi, a Abu Dhabi kuwa tabarau ake raba wa masu hawa.

Akwai gardama a kan tsayin, kuma ina ganin tana da tushe. Mita 195 da ake ambata ta haɗa da dutsen da Allah ya halitta, shi ya sa wasu masoya suke cewa ba daidai ba ne a gwada shi da hasumiyar da aka gina daga ƙasa. Amma tudun ƙarfen nan shi kaɗai ya haura mita 160, don haka ta kowace fuska aka auna ya wuce 139. Abin lura shi ne, ba Six Flags ce ta biya kuɗin ba. Filin na kamfanin Qiddiya ne da ke ƙarƙashin asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya, cikin shirin Vision 2030, Six Flags suna da gudanarwa ta kawo. Kamfanin da ke lissafin kuɗin tikiti ba zai iya tsere da irin wannan aljihu ba.

Hajiya Uwani:
Ni uwa ce, kuma duk wannan tseren na tsayi da gudu ba ya burge ni kamar yadda yake burge ku. A Japan an rufe Do-Dodonpa na filin Fuji-Q Highland a 2021 bayan wasu masu hawa sun samu karaya a wuya da baya, lilon da ke kai gudun kilomita 180 cikin ƙasa da daƙiƙa biyu, kuma a 2024 aka ce ba zai dawo ba. Matar Ohio ɗin nan ko hawa ba ta yi ba, a layi take. Idan masu fili suka duba injinsu suka ga ya fara fin ƙarfinsu, ni na fi son su sauke shi da wuri, ko da masoya za su yi fushi. Amma na yarda da Maman Nana cewa sanar da mutane ba ya cin ko sisi.

Maman Nana:
Hajiya, haka ne. Game da magajin kuwa, abin da kamfanin ya faɗa da bakinsa zuwa tsakiyar 2025 abu biyu ne: jirgi ne na harbi wanda zai kafa tarihi ta fuska fiye da ɗaya, kuma ba zai samu a 2026 ba. Sauran da na ji hasashe ne. Wanda ya fi yawo a tsakanin masoya shi ne cewa kamfanin Mack Rides na Jamus ne zai gina shi, da doguwar hasumiya da taragu masu juyawa a kan kansu, kuma zai riƙa zuwa ne ya dawo ta hanya ɗaya maimakon ya kewayo. Masu wannan magana suna kafa hujja da takardun jin ra'ayi da aka ce an tura wa wasu baƙin filin. Sabon abin da filin ya samu a 2025 shi ne The Flash: Vertical Velocity na kamfanin Vekoma, wanda yake da daɗi amma ba a ajin Kingda Ka yake ba.

Abu Hanif:
Idan wannan hasashe ya tabbata, to damuwata ta ƙaru. Ban raina Mack ba. Iyalin da ke da kamfanin su ne masu Europa-Park, kuma Voltron da suka buɗe a can a 2024 da Hyperia na Thorpe Park a Ingila sun nuna sun iya babban aiki, lilunansu Time Traveler da Ride to Happiness kuma sun nuna cewa tarago mai juyawa ba wasan yara ba ne. Amma The Flash ma zuwa yake ya dawo. Fili mai jan mutane daga New York da Philadelphia a ce manyan sababbin lilunansa biyu duk masu kai da komo ne, ai layi zai kashe mutane a ranakun hutu.

Injiniya Bala:
A nan ina tare da kai ɗari bisa ɗari. Lilon da ke kewayowa yana iya ɗaukar jerin taragu uku ko huɗu, ɗaya yana kan hanya, ɗaya yana lodi, ɗaya yana saukewa. Mai kai da komo kuwa dogon nasa na jeri ɗaya ne har sai ya gama, sai dai a yi dabarar dogo mai zamewa gefe ko faifai mai juyawa a tasha domin a riƙa lodin wani yayin da ɗaya yake tafiya. Top Thrill 2 da makullin sauya dogo ya magance wannan, kuma kowace irin wannan dabara ƙarin na'ura ce da za ta iya tsayar da aiki. Don haka idan an fitar da sanarwa, kada ku tsaya a kan mita nawa ne, ku nemi adadin mutanen da zai ɗauka a awa. Auta kuma, idan kana son ka ɗanɗani harbin igiya kafin ya ƙare, akwai Stealth a Thorpe Park da Rita a Alton Towers, akwai Storm Runner a Hersheypark da Xcelerator, ga Formula Rossa wanda ya fi kusa da mu, ko da yake shi ma ya shafe mafi yawan 2024 a rufe.

Malam Tanko:
Ina roƙon duk wanda zai kawo mana labarin magajin ya riƙa bambanta abin da kamfani ya sanar da abin da wani ya faɗa a bidiyo, domin masu neman 'yan kallo suna mayar da zato ya zama labari cikin dare ɗaya. Akwai alamomin da ba sa ƙarya. Takardun neman izinin gini da ake shigarwa a ƙaramar hukumar Jackson a buɗe suke ga jama'a. Ramukan harsashi da ake zuba wa kankare suna nuna inda ginshiƙai za su tsaya, daga jerinsu kuma ana gane ko dogon zai kewayo ko miƙe yake. Guntayen dogon ma idan aka sauke su a wurin ajiye motoci, siffarsu tana faɗin wanda ya ƙera su, domin na kamfanin B&M akwati ne mai kusurwa huɗu a tsakiya, na Intamin da Mack da Vekoma kuma kowanne da irin saƙarsa ta bututu. Maman Nana, tunda ke ce a kusa, idan aka buɗe filin a kaka mai zuwa ki ɗauko mana hoton wurin daga kan lilon El Toro ko daga wurin ajiye motoci, musamman ɓangaren da tsohon dogon harbin ya bi, mu ga ko a kan layinsa suke haƙa ko sun kauce.